Godiyar da Ta Riga Taguwa Dawowa

Ku ƴan yanzu da kuke shigowa gidan rediyo da waya a hannu, kallon kitse kuke yi wa rogo. A ganinku aikin teknisiyan ba komai ba ne sai zama a inuwa ana danna ɓeran kwamfuta, wanda kuke kira suri don a san kun yi lakwal, makarantar boko. Jiya ma na ji ɗayanku, ba zan kama suna ba, yana cewa ko kaza aka barbaɗa wa gero a kan tebur za ta yi abin da Inna Rabi take yi. To na ji, kunnena bai mutu ba. Ku jawo benci ku zauna, in gaya muku yadda aikin yake, ko da yake akwai wurin da ni kaina har yau ban gane ba.

Aikin farko da aka ba ni a gidan nan shi ne mayar da kaset baya da biro. Malam Mamman ne ya koya mini, shi ne teknisiyan na farko a wannan rediyo tamu ta kwarin Tarka, tun ana aiki da batirin mota. Wutar ba ta isa a ɓata ta wajen juya kaset ba, sai mutum ya zura biro a ramin ya yi ta murzawa har hannunsa ya san inda muryar mai magana ta fara. Na daɗe ina wannan kafin ya bar ni in taɓa maɓallin da ke fitar da murya waje. Mutum ne mai ƙarancin yabo. In na yi daidai sai ya yi gyaran murya ya kau da kai, in na yi kuskure kuwa har mai gadi sai ya ji.

Babban aikinmu a nan ba kiɗa ba ne, cigiya ce. Na tuna wata tsohuwa da ta zo neman akuyarta, na tambaye ta kamanninta, ta ce, “Akuyata mana, kowa ya san ta.” Sai da na zauna da ita ina jan ta da hira kafin na fitar da cewa baƙa ce, mai farin goshi, kunnen hagu a tsage, kuma tana ɗingishi. Wannan jan shi ne sana'ar. Sai ka tambayi launi, da shaidar wuta in akwai, da rijiyar da dabbar ta saba sha, da inda aka ga sawunta na ƙarshe, da inda ta fuskanta. Malam Mamman bai yarda mu karanta wa mutum cigiyarsa ba. Cewa yake mai dabba ya faɗa da bakinsa, mu ɗauka, don mutanen daji muryar da suka sani suke tashi dominta. Da Hausa, da Fillanci, da harshen Abzinawa, duk wanda bakin mutum ya fi sakewa da shi.

Akwai kuma wata ƙa'ida da ya kafa, wadda ta bi jinin mutanen yankin nan. In an ga dabba, dole mai ita ya dawo ya yi godiya da muryarsa, ya ce a daina nema. Wanda bai dawo ba, Malam Mamman ba ya sake karɓar cigiyarsa, don a cewarsa ya bar bayin Allah suna yawo a daji a banza. Shi ya sa mutane suka yarda da godiya fiye da komai da muke watsawa. Labarin gwamnati a yi masa gardama, farashin gero a ce mun ƙara gishiri, amma in aka ji mai dabba da kansa ya ce ta samu, magana ta ƙare, kowa ya kwance sirdinsa.

Da aka kawo mana kwamfuta, idon Malam Mamman ya riga ya fara rauni, sai aikin ya dawo hannuna. Kowace murya da muka ɗauka tana zama layi ɗaya a kan allo, kuma na tsara su da sunan mai ita, don in mutum ya dawo in same shi ba wahala. Cigiyarsa a sama, godiyarsa a ƙarƙashinta. In kiɗa yana tafiya, sai in kai kibiyar ɓera kan layin da nake so in danna, kiɗan ya lafa, muryar ta fita, ta ƙare kiɗan ya dawo. Na ji daɗin wannan tsari ƙwarai, har ina yi wa Malam Mamman tsiya cewa biro ya yi ritaya kafin shi.

Sai shekarar fari ta zo. Damina ta yi ƙaura tun hatsi bai kai gwiwa ba, ciyawa ta ƙone, rijiyoyi suka ja baya. Dabbar da ke jin yunwa ba ta san mai ita ba, inda hancinta ya ja ta can take bi. Tun daga ɓangaren Belbeji har Tenhya mutane suke zuwa, benci ya cika, wasu a ƙasa. Kowa yana so a maimaita tasa, don ba ka san lokacin da mai rediyo a rijiya zai kunna ba. Malam Mamman ya riga ya yi ritaya, mu biyu ne kawai a kan aikin, ni da darakta, shi kuma rabin ransa yana Damagaram wajen taro. Ni ce mai ɗauka, ni ce mai dannawa, ni ce kuma mai zuwa kasuwa da ofis in samo labari. Ko salla zan yi, kunnena yana kan kiɗa.

A cikin wannan hali ne wani malamin kwamfuta ya zo daga Damagaram ya yi mana horo. Da ya ga yadda nake tsere tsakanin tabarmar salla da tebur, ya yi dariya ya ce akwai abin da zai hutar da ni. Ya zura ɗan kilensa, wato filas na ajiyar bayanai, a jikin kwamfuta ya saka mini wata ƴar manhaja, ba ta da wani aiki sai dannawa. Kai ne za ka gaya mata tazarar da kake so, ko minti biyar ko rabin awa, ka ajiye kibiya a kan layin da kake so, ka tashi ka tafi. Duk lokacin da tazarar ta cika, sai ta danna wurin da kibiyar take, kamar yatsanka na nan. Ya gwada a gabana, muka ja da baya muka harɗe hannu, sai ga murya ta fita ba wanda ya taɓa komai. Mai gadinmu, Baba Gambo, ya yi a'uziyya ya fice, ya ce shi ba ya kwana kusa da ɗakin da abu ke aiki ba mutum. Na kai wa Malam Mamman labari a gida, ya saurara har na gama, ya tambaye ni, “To ita tana jin abin da take fitarwa?” Na ce a'a. Ya ce, “Uhum,” ya ci gaba da jan carbinsa.

Gaskiya ta yi mini aiki. Na koyi haɗa cigiyoyin yini in saita mata tazara, in tafi kasuwar dabbobi in dawo in tarar komai ya fita a kan lokaci. Sai dai tana da sharuɗɗa, kuma su ne ba kwa gani. Tazarar dole ta fi tsawon muryar, in ba haka ba ta katse mutum a tsakiyar magana ta mayar da shi farko. Dole ka duba batir, don in wuta ta ɗauke ta dawo, layukan allo suna sauya zama. Dole ka tsayar da ita kafin kiran salla. Kuma dole ɓera ya zauna inda ka bar shi, shi ya sa nake kore kyanwa in ja ƙofa, ko da yake ba ma sa mata makulli, saboda Baba Gambo na shiga duba batir.

Yanzu in zo kan Agali. Ba'abzine ne mai raƙuma, zangonsa yana arewa da mu, dogo, mai magana a hankali kamar yana tsoron ta zube. Yana da wata taguwa fara mai tsagaggen kunne, mai son yawo. Shekara guda kafin farin ta taɓa ɓata, ya yi cigiya, aka gan ta, ya dawo ya yi godiyarsa kamar yadda ƙa'ida ta ce. A shekarar fari raƙumansa suka yi ta faɗuwa har ta rage ita kaɗai ce mace, ga ta da tsohon ciki. Nononta ake jira a zangon, da tsohuwarsa da ƴaƴansa. Sai ta tsinke dabaibayi ta tafi.

Ya zo ran jajiberin kasuwa, leɓensa duk ya bushe. Na ɗauki cigiyarsa da harshensu da kuma Hausa, na goge tsohuwar cigiyar bara na sa sabuwa a gurbinta. Da na ji halin da yake ciki, na yi shawara da darakta ta waya, muka yarda cewa ran kasuwa, daga azahar zuwa yamma, tasa kaɗai za a riƙa maimaitawa, don a lokacin ne duk mai rediyo yake kunne, kuma in an kai ta kasuwa za a gane ta. Ya ce, “Malama, Allah ya biya.” 

Ran kasuwa aka kira taro a ofishin magajin gari kan rabon abincin dabbobi, kuma dole in je in ɗauko. Na yi sallar azahar, na saita tazara minti goma sha biyar, na ajiye kibiya a kan cigiyar Agali. Na tsaya har ta danna sau ɗaya, na ji da kunnena yana cewa taguwarsa ta ɓata. Na ja ƙofa na fita. Na hango shi zaune a gindin aduwa a ƙofar gida, na ɗaga masa hannu, ya ɗaga mini. Taron kuwa irin na rufe ƙofa ne, aka ce kowa ya kashe waya, aka yi ta cacar baki kan buhun dusa har rana ta yi sanyi.

Da na fito na bi ta bakin kasuwa, sai na ga mutane sun kewaye wani suna ba shi hannu. Agali ne. Ban taɓa ganin haƙoransa ba sai ranar, don rawaninsa ya zame bai ma kula ba. Da ya hango ni ya ratso mutane ya nufo ni.

Ya ce, “Malama, tana ina?”

Na ce, “Wa?”

“Taguwar. A gidan rediyo aka ɗaure ta, ko tana hannun wanda ya tsince ta?”

Na ce, “An gan ta ne? Kai, barka! Wa ya gan ta?”

Ya tsaya yana dubana. Ya ce, “Ni nake tambayarki.”

Wani mahauci da ke gefe ya ce, “Haba Rabi, ke da kika yini kina shelar an gan ta? Tun azahar muke ji.”

Na ce ni ban shelanta komai ba, ina ofishin magajin gari. Mai shayi ya ce to wa ke gidan rediyon? Na ce ba kowa. Wani ya ce ashe gaskiyar Baba Gambo ce. Wani ya ce wataƙila darakta ya dawo. Kowa yana magana, ba mai jin wani, ni kuwa kaina ya ɗaure tamau. Ana cikin haka kiɗan da ke rediyon mai shayi ya lafa, sai ga muryar Agali tas, yana cewa alhamdu lillahi taguwarsa fara mai tsagaggen kunne ta samu, yana gode wa duk wanda ya taka ƙafa dominsa, kowa ya koma gida ya huta.

Agali ya nuna rediyon ya ce, “Kin ji. Wannan ta bara ce, na gane ta. Da na ji, sai na ce Malama ba za ta saka ta ba sai an kawo mata labari.”

 Na tattare zanena na zuba da gudu, mace da girmana, ta tsakiyar kasuwa, yana biye da ni. Tsoro ne ya kama ni, irin wanda ban taɓa ji ba a kan aikin nan. Na banka ƙofa na duba allo. Kibiya tana kan layin da ke ƙarƙashin wanda na bar ta, ratar ba ta kai faɗin ƙwayar wake ba. Na tsayar da manhajar, na jawo makirfo na yi ta faɗa da bakina cewa kuskure ne, taguwar Agali ba ta samu ba, a ci gaba da nema. Amma kasuwa ta riga ta watse, mutane suna kan hanya, rediyoyi suna cikin jaka.

Sai na shiga neman abin da ya motsa kibiyar. Na zargi kyanwa, ba kyanwa. Na zargi wuta, batir a cike yake. Na zargi idona, amma ai na ji cigiyar da kunnena kafin in fita. Har na fara tunanin ko maganar Baba Gambo ce ta tabbata. Can sai na lura da wani ɗan ƙunshi a farin ƙyalle, an jingine shi a jikin ɓera, a tsanake, daidai inda hannuna zai fara sauka in na zauna. Na kwance, cuku ne, busasshe, irin na ajiya. A shekarar da yara ke kwana da yunwa a zango, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Na fita na ja Baba Gambo gefe. Ya ce ai Agali ne, zaman da ya yi a gindin aduwa jira yake in fita. Kun san halinsu, mutum irinsa ba zai miƙa wa matar wani kyauta hannu da hannu ba, kuma ba ya son a tsaya ana yi masa godiya ido da ido. Ya roƙi Baba Gambo ya bar shi ya ajiye a inda zan gani, ya shiga ya fito ko zama bai yi ba. Baba Gambo ya ce shi ma da ya ji godiyar murna ya yi, har ya yi wa Agali barka, ya ce lalle abin nan na ɗaki ya san gaibu.

Na tsaya da cuku a hannu, Agali yana tsakar gida yana jiran in gaya masa abin da ya faru. Me zan ce? Na ce masa na'ura ce ta zame. Ya gyaɗa kai kamar ya gane, ni ma da na faɗa ban gane ba.

Muka yi ta watsa gyara, safe da yamma, yatsana a kan ɓera. Sai dai mutane sun rikice. Wasu suka ce godiyar ce sabuwa, cigiyar ce tsohuwa. Wasu suka ce an gan ta ta sake ɓata. Bayan ƴan kwanaki wani manomi mai rijiya daga ɓangaren Tenhya ya zo da kansa, ransa a ɓace. Ya ce taguwa fara mai tsagaggen kunne da tsohon ciki ta zo rijiyarsa, ya kama ta ya ɗaure, don ya ji ana cewa ta wani Agali ta ɓata, yana shirin aiko da saƙo. Sai ran kasuwa ya ji mai ita da bakinsa yana cewa ta samu, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, yini guda. Ya ce ashe wannan ta wani ce. Ruwan rijiyar ko nasa dabbobin bai isa ba, sai ya kwance ta. A daren garken masu gudun fari suka wuce kudu, ta bi su.

Ya ce da ni, “Malama, da ke kika faɗa da sai in yi shakka. Amma shi ne ya faɗa.”

Agali ya bi sawu har inda sawu ya narke cikin na dubban dabbobi. Ya kai bakin iyaka ya dawo hannu wofi. Tsohuwarsa da yaran aka kawo su gari wajen dangi, zangon ya tashi.

Na kai wa Malam Mamman maganar ina so ya gaya mini laifin wa ne. Na manhajar da ta yi abin da aka sa ta? Na mutumin da ya kawo alheri? Na ƙa'idar godiya da shi ya kafa, wadda ta sa aka yarda? Ko nawa da na jera sunaye kusa da juna don sauƙin mutane? Ya ce shi a zamanin kaset godiyar bara da tuni an ɗauki wata murya a kanta, don kaset tsada gare shi. Wannan ce amsar da na samu, kuma har ya rasu bai ƙara mini wata ba. Manhajar ban jefar da ita ba, ga ta nan kuna amfani da ita. Abin da na ƙara shi ne ƙwaryar da nake kifawa a kan ɓera in zan fita, wadda kuke yi wa dariya.

Da Agali ya dawo daga kudu ya biyo ta nan. Ya rame har rawanin ya yi masa yawa. Na ba shi ruwa, na buɗe allo a gabansa na nuna masa layin godiyar, na ce yanzu zan goge ta yana gani, kada ta sake fita. Ya ɗaga hannu.

Ya ce, “A'a Malama, bar ta. Raƙumi yana daɗewa a duniya. Ran da ta dawo, ba sai na yi doguwar tafiya ba, in aiko ki danna kawai.”

Mun canza kwamfuta tun daga lokacin ba sau ɗaya ba, kuma duk canji ita nake fara kwashewa. Tana can ita kaɗai a wani lungu da kibiya ba ta bi, kada wanda ya taɓa ta. A kasuwar da ta wuce Agali ya zo, yanzu da sanda yake tafiya. Ya ce in kunna masa ita a ɗaki, ba a waje ba, yana so ya ji ko ta lalace. Na rufe layin waje na danna. Ya zauna a bencin nan da kuke kai, ya sunkuyar da kai yana sauraron kansa yana gode wa mutane, yana cewa kowa ya koma gida ya huta. Da ta ƙare ya miƙe ya ɗauki sandarsa.

Ya ce, “Lafiyarta lau. Ajiye mini.”